Cinikin Biri a Sama

Hausawa suna kiran sayen abin da ba ka riƙe a hannu ba cinikin biri a sama, kuma duk cinikin da ake yi ta waya danginsa ne. Mutumin da ke zaune a Legas ko Abuja ba zai ɗauki kayanka ya jujjuya ba, ba zai kai shi bakin ƙofa ya duba a haske ba, ba zai kira abokinsa ya taya shi gani ba. Hoto kaɗai ke gabansa, a kansa zai yanke shawarar ya rabu da kuɗinsa ko ya wuce. In buhun rogo kake sayarwa ko ɗan akuya, da sauƙi, hoto biyu sun wadatar. In kuwa ƙananan katuna ne har 340, kowanne da fuskarsa da bayansa da irin nasa tabon, to aiki ya same ka. Labarin wannan aiki zan ba ku, ƙannena, don na san a cikinku akwai masu ɓoye katin 'yan ƙwallo a tsakiyar littafin lissafi.

Mafi daraja a cikin katunan na Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Lokacin samartakarsa yana bin motocin kaya ta Jibiya zuwa Maraɗi, kuma a can ne, a 1998 da aka buga gasar cin kofin duniya a Faransa, ya riƙa sayen 'yan fakitin sitika na kamfanin Panini. Kamfanin na Italiya ne, a garin Modena. Ya fara buga hotunan 'yan ƙwallo a 1961, ya fitar da kundinsa na farko na kofin duniya a 1970, gasar Meziko. Yadda abin yake, ka sayi kundi mai gurabe, ka riƙa sayen fakiti a rufe ba ka san wa ke ciki ba, kana ɓare sitika kana mannawa har ka cike. Kawu bai taɓa mallakar kundin ba, kuɗinsa ba su kai ba. Saboda haka bai ɓare ko ɗaya ba, ya zuba su a gwangwanin alawa ya rufe. Muna yara marowaci muka ɗauke shi, don ko taɓawa ba ya bari mu yi. Namu katunan na cikin cingam da biskit kuwa a ƙasa suke wuni: mu buga su da bango, mu yi musaya, mu cinye na juna, wani lokaci malam ya ƙwace.

A 2019 zama ya gagara a ƙauyenmu da ke gefen dajin Rugu, muka dawo cikin garin Batsari da abin da hannu zai iya ɗauka. Gwangwanin yana cikin kayan da Kawu ya fito da su. Har yau Inna ba ta daina yi masa tsiya ba, wai mutum ya bar buhun gero ya ɗauko hotunan ƙarti masu gajeren wando.

Zuwa ƙarshen 2022 gonarmu ba ta nomuwa, ƙanwata ta gama sakandare tana son cike fom ɗin JAMB, kuɗi kuwa babu. Sai wani ya nuna wa Kawu a waya cewa a farkon shekarar an sayar da katin Pele na 1958 a kan dala miliyan 1.33. Ranar ya sa aka kira ni, ya dire gwangwanin a gabana ya ce, "Kai ɗan boko, ga shi nan. Ka sayar a biya wa yarinyar nan, saura a saya mana gida a Katsina."

Labarin da aka nuna masa gaskiya ne, har akwai wanda ya fi shi. A watan Agusta na wannan shekarar an sayar da katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na Amurka, wanda aka buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6. Sai dai irin waɗannan katuna tsofaffi ne, kaɗan suka rage a duniya, kuma an adana su kamar ƙwai. A Amurka akwai kamfanoni irin su PSA da aikinsu ke nan, su duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Abu huɗu suke dubawa: kaifin kusurwoyi, lafiyar gefuna, tsabtar fuska, da ko hoton ya zauna a tsakiya daidai. Sitikar 1998 kuwa an buga ta da yawan gaske, tana nan a gidaje birjik a Turai. Na ce, "Kawu, gida dai ku cire rai. Fom kuwa ina sa ran za a samu." Bai ji daɗi ba, amma bai ɗauke gwangwanin ba.

Kafin in ɗauki hoto ko ɗaya sai da muka yi kwana biyu muna tankaɗe da rairaya. Na haɗa na Kawu da ragowar nawa da na ɗan Gwaggona da ke Safana, shi ne suka tashi 340. Da za a bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, hoto 680 ke nan, alhali da yawansu ba mai ba ka ko naira goma. Abin da ke raba su yana baya. Kati na asali yana ɗauke da sunan kamfani da lamba, sau da yawa har da shekara ko sunan gasar. Na cingam ɗinmu galibi bayansu fari ne fat ko tallar alawa, hoton ma kwafo shi aka yi daga wani wuri, wani har sunan ɗan wasan ba a rubuta daidai ba. Muka kasa kashi uku. Guda 40 sun cancanci a sayar da su ɗai-ɗai, cikinsu har da Okocha da Kanu da Taribo West da Sunday Oliseh. Guda 180 ba su da wata daraja su kaɗai, amma in an haɗa su tara-tara, 'yan ƙasa ɗaya ko 'yan kulob ɗaya, wani zai so. Sauran 120 da suka sha ruwa ko gara ta taɓa muka raba wa yaran unguwa. Lissafi ya koma haka: hoto 80 na ɗai-ɗai, hoto 40 na rukuni 20, jimla 120. Kun ga an sauke fiye da kashi huɗu cikin biyar na aikin tun ba a kunna waya ba.

Abin da ke cinye lokaci a ɗaukar hoton ƙaramin abu shi ne saiti. Ku dubi yadda mutane ke yi: waya a hannu, ta karkata, inuwar mutum ta faɗa kan kayan, ya matsa, hoto ya yi dishi-dishi, ya goge ya sake. Kati ɗaya sai ya ci minti uku. Maganin abin shi ne a yi saiti sau ɗaya tak, waya ta zauna wuri guda, katuna su riƙa zuwa suna wucewa a ƙarƙashinta kamar masu layin awo a asibiti.

Kwalin taliya na samo a shagon unguwa. Na yanke gefe ɗaya gaba ɗaya ya zama ƙofa, na huda samansa daidai idon kyamara, yadda waya za ta kwanta a kai ruf da ciki. Tsakaninta da ƙasa kamar taƙi ɗaya ne, wato santimita 20 ko kusa da haka, don yawancin wayoyinmu in sun matsa fiye da kima ba sa gani sosai. A bangon ciki na liƙa farar takarda, ta riƙa mayar da haske kan katin. A ƙasa kuma na shimfiɗa baƙar takarda mara sheƙi. Wannan baƙin yana da dalili: katuna da yawa farin gefe gare su, in ka ɗora su kan fari sai gefen ya ɓace, alhali gefe da kusurwa ne mai saye ke fara zuƙowa ya duba. Na ƙarshe, na manna wani ɗan kwali mai siffar harafin L a kan baƙar takardar, duk katin da aka turo ya tokare da shi ya tsaya a gurbi ɗaya. Wannan ɗan guntun kwali shi ya fi komai rage wahala, don hotuna suna fitowa iri ɗaya, ba sai an zauna ana yanke kowanne ana miƙar da shi ba. Na rukuni tara-tara kwalin da ya fi girma muka yi musu, tsarin dai ɗaya.

Filasha a kashe ta, don tana barin farin tabo a tsakiyar kati, sau da yawa a kan fuskar ɗan wasan. Rana kai tsaye ma haka take yi. Inda ya fi mana kyau shi ne bakin zaure da hantsi, ƙofar kwalin tana kallon waje amma yana cikin inuwa. Cikin hunturu muka yi aikin, kuma a nan na ga ashe hazo ma yana da ranarsa: yana tausasa haske, ba ƙyalli ba inuwa mai kaifi. Ƙurarsa ce matsala. Sai an riƙa goge idon kyamara da tsumma mai laushi, katin kuwa a hure shi kawai, don in aka murza shi da riga ƙura za ta karce fuskar. A yawancin wayoyi, in ka ɗora yatsa kan hoton katin ka riƙe na ɗan lokaci, saiti da haske za su kulle, ba za su riƙa canzawa daga kati zuwa kati ba. Maɓallin ƙara murya na jikin iyafis kuma yana ɗaukar hoto a wayoyi da yawa, da shi na yi amfani don kada hannu ya girgiza kwalin.

Mu uku muka yi. Ƙanwata tana sa kati, ina dannawa, ɗan Gwaggo yana rubutu. Kowane kati an ba shi lamba a 'yar takarda, ana ajiye ta gefensa ta fito a hoton. Lambar nan ce a littafi mai layi da muka raba gida-gida da rula: suna, shekara, kamfani, lafiyar kati, farashi, wanda ya saya. Doka ɗaya muka kafa, gaba sannan baya, kullum, ba tsallake. Ta haka hotuna suka jeru bibbiyu a cikin waya, ba a neman bayan Kanu a tarar da na wani ɗan Faransa. Da an gama da kati sai ya shiga ambulan mai lambarsa. Wanda ya raina wannan littafi bai taɓa tsayawa da kati 40 a gabansa mai saye yana jira a waya ba. Tsakanin hantsi da azahar muka gama hoto 120, har da hutun cin rogo da ƙuli.

Sai batun aibi, kuma a nan ne muka ɗan yi ja-in-ja da Kawu. Sitikar Okocha tana da 'yar lanƙwasa a kusurwar hagu, in ka kalle ta kai tsaye ba za ka gani ba. Na fito da ita daga kwalin, na karkata ta yadda haske zai zo daga gefe, layin ya fito ɓaro-ɓaro, na ɗauka, na rubuta a bayani. Kawu ya ce, "Yanzu kai da kanka kake kushe hajarka?" To, a Islamiyya an koya mana cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, wannan ya isa hujja. Amma ko a lissafin kasuwa, mai tara kati ya fi ka ido. Ranar da saƙo ya isa hannunsa a haske zai duba, in ya ga abin da hoto bai nuna ba zai nemi kuɗinsa, kuma zai gaya wa abokansa, su kuwa 'yan tsiraru ne da suka san juna. In ya gani tun farko ya saya, shi ke nan, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda wannan dalili ne ban yarda da filta ba. Ina ganin masu sayar da atamfa a sitatus suna ƙara wa hoto kala har shuɗi ya koma kore, ban san yadda suke ƙarewa da masu saye ba.

Wanda ke kusa da shagon kwamfuta yana da wata hanyar, wato sikana. Katin da aka saba bugawa faɗinsa santimita 6.4 ne, tsawonsa 8.9, don haka guda 9 suna shiga gilashin A4 a lokaci ɗaya, uku-uku, ƙananan sitika kuma sun fi haka. Ka ce wa mai shago ya sa a ɗigo 300 a kowane inci in don nunawa ne kawai, ko 600 in kana so mai saye ya zuƙo har ya ga ƙwayar bugu. Ka tafi da baƙar takardarka a rufa a bayansu, don murfin sikana fari ne. In za a juya, kowane kati a juya shi a gurbinsa, kada a gauraya. Na kai guda goma mafi kyau wani shago a Dutsin-Ma, inda nake karatu, kuma gaskiya sun fi na waya fitowa. Amma ana biya ne a kan kowane shafi, sannan sai an zauna an yanka hoton gida-gida. Masu ƙyalli irin tambarin ƙasashe kuwa baƙi-baƙi suke fitowa a sikana, su dole sai waya.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana bayanin darajar sabis ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka yi watanni sai mutum ya shiga mota kafin ya kira ɗan'uwansa. Ko da aka buɗe, sabis ɗin yau akwai gobe babu. Wannan ya sa na tsara aikin yadda kusan dukansa ba ya buƙatar intanet. Hoto, lamba, bayanin kowane kati, duk na rubuta na ajiye a waya. Ranar da na samu sabis mai ƙarfi sai kwafa da mannawa kawai, cikin awa ɗaya na ɗora komai a Facebook da Instagram. Data ma ta yi auki.

Wajen sa farashi, kada abin da mutane ke nema ya ruɗe ku, kowa yana iya rubuta miliyan a ƙarƙashin hoto. A shafin eBay akwai wurin da ake zaɓar ganin abin da aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya. Nan na duba, na ga yawancin irin namu 'yan daloli kaɗan ne, na sa farashin da ɗan Najeriya zai iya. Ƙasar waje ban nema ba, don kuɗin aikawa zai fi kuɗin katin.

Mako biyu shiru. Sannan wani mutum a Legas ya yi magana, ashe tun yana yaro yake da kundin 1998, gurabe kaɗan suka rage masa. Abin da ya fara nema shi ne in ɗauki hoton sitikar tare da takarda mai kwanan watan ranar da rubutun hannuna, don ya tabbatar tana hannuna, ba a intanet na sato hoton ba. Ya kuma ce in turo hotunan ta WhatsApp a matsayin fayil, saboda in an tura su yadda aka saba ana matse su, ƙananan tabo su ɓace. Shi ya saye kusan rabin na ɗai-ɗai, har da Okocha mai lanƙwasa, bayan ya nemi ragi an yi masa. Wani mai gidan kallon ƙwallo a Katsina ya kwashi rukuni da yawa ya sa a gilashi ya rataye. Saura suka tafi sannu a hankali.

Lokacin ya zo daidai da ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, macuta ma suka samu kasuwa. Wani ya turo mana hoton shaidar biya, ya dame mu da kira wai direba zai tashi, a yi maza a kai kaya tasha. Muka ce sai mun ga kuɗi a asusu. Har yau ba su shigo ba. Asusun na Kawu ne, kuma ku da ba ku kai 18 ba haka ya kamata ku yi, babba ya san da cinikin, kuɗi su bi ta hannunsa.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da yaron Kano ko Legas, kuma ina roƙonku ku riƙe shi. A yankinmu labarin wane ya samu kuɗi yana iya kai mutum daji. Ban sa sunan gidanmu a shafin ba, ban faɗi unguwa ba, Katsina kawai na rubuta. Baƙar takardar nan ta yi mana aiki na biyu, don ba katanga ba ƙofa ba fuskar kowa a hoton. Na kashe alamar wuri a saitin kyamara, saboda waya tana iya ɓoye inda aka ɗauki hoto a cikin fayil, kuma in ka tura shi a matsayin fayil bayanin yana tafiya tare da shi. Ba wanda muka ce ya zo gida karɓa. Nawa aka samu kuwa, a cikin ɗaki maganar ta tsaya, shi ya sa a nan ma ba za ku ji adadi daga bakina ba.

Ɗaurin kaya ba wuya. Kati ya shiga 'yar leda, a sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri da suka fi shi faɗi, a naɗe da salatif ba tare da ya taɓa katin ba, a sa a ambulan, a sake sa leda saboda ruwa. Mukan ɗauki hoton ƙunshin da lambarsa kafin a ba direba a tasha, a tura wa mai saye lambar direban.

An biya fom, an biya kuɗin mota zuwa wurin jarrabawa, an saya wa ƙanwata takalmi. Gidan Katsina yana nan yana jiran wani gwangwanin. Kati ɗaya ne Kawu ya zare daga ambulan bayan an riga an ɗauki hotonsa, na Oliseh. Ya ce a Jibiya ya kalli ƙwallon da ya zura wa Sifaniya ranar da Najeriya ta ci 3 da 2, a talabijin mai aiki da batirin mota, kuma ko nawa aka taya ba zai sayar ba. Na ja layi a kan lamba 7 a littafi.

Kwalin yanzu yana Safana wajen ɗan Gwaggo. Ya tono tsofaffin wasiƙun kakanmu masu kan sarki tun na kafin a fara naira a 1973, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da lamba da littafi. Da yake kan sarki ya fi kati ƙanƙanta, sai ya ɗora littattafai biyu a ƙarƙashin baƙar takardar don ya matso kusa da kyamara, ya kuma ce ba zai ɓare ko ɗaya daga jikin ambulan ba sai ya bincika ko a haɗe sun fi daraja.